Kafin ka goge ibdata1, ka karanta wannan

1/ 'Yan uwa masu karatun kwamfuta, mu daina ɗora rumbun bayanai mu bar shi da saitin da ya zo da shi. Ni na yi, kuma na ji a jikina.

2/ Kawuna yana sayar da taki da iri a ƙauyenmu, kusa da Dambatta. Yawanci bashi ake ɗauka da damina a biya da kaka. Da hutu na ce, "Kawu, a bar littafin nan haka." Na sa XAMPP a tsohuwar laftof mara batiri, na shigar da sunaye da buhuna.

3/ Ran nan janareta ya mutu ana tsakiyar shigar da bayani. Washegari MySQL ya ƙi tashi. Na garzaya YouTube, wani ya ce a goge ibdata1. Na goge. Ya tashi kuwa, amma teburan sun ƙi buɗuwa, don InnoDB a cikin wannan fayil yake ajiye bayanin teburansa.

4/ Abin haushin, mysql_error.log yana nan cikin folda ɗaya da shi, yana rubuta dalilin ƙin tashin. Ko buɗe shi ban yi ba.

5/ Wanda ya tsara saitin asali bai san janaretan Kawu ba. XAMPP don gwaji aka yi shi: root ba fasuwod, kuma MySQL ba ya tashi da kansa sai ka mai da shi sabis. Abin da ke ciki ma MariaDB ne, kuma binlog ɗinsa a kashe yake zuwa. A MySQL 8.0 a kunne yake, yana riƙe kwana 30. Shi ke rubuta duk canjin da aka yi, da na kunna shi a my.ini da na samu abin dawowa da shi.

6/ Wasu za su ce log na cinye wuri. Gaskiya ne, ni ma ba zan bar general log a kunne ba. Amma binlog na shagon taki nawa zai ci? Sai mysqldump kullum da yamma a filash.

7/ Kawu dai bai taɓa daina rubutawa a littafinsa ba, a ɓoye. Daga nan na sake kwafe komai, kwana uku, yana gefe yana karanto min sunaye.