Baiwa Ce Ko Naci?

Jiya a nan Agege wani maƙwabcina ya ce min zai cire ɗansa daga makaranta, wai yaron "ba shi da kai", gara ya riƙa bin sa kasuwar Mile 12. Wallahi maganar ta tsaya min a rai.

Mu Hausawan Kurmi muna da wannan hali. Idan muka ga Ibo ya buɗe shago a Alaba, sai mu ce ai su kasuwanci a jininsu yake. Alhali sai da ya shafe shekara biyar zuwa bakwai yana yi wa ubangidansa hidima, yana share shago, yana koyon farashi da halin masu saye, kafin a sallame shi da jari. Naci ne ya kai shi nan.

Ban musa baiwa ba, Allah ke bayar da ita. To amma yaya za ka san baiwar yaro ɗan shekara tara wanda ba a taɓa zama an duba masa littafi ba?

Na roƙi maƙwabcin nawa ya ƙara masa shekara guda, ni zan riƙa zama da shi bayan sallar Magariba. Ya ce zai yi tunani. Ku taya mu da addu'a.