Ko an sa mata suna «kasuwar hasashe», caca ce

Akwai wata magana da ta fara yawo a bakin samarinmu a gidajen kallon ƙwallo daga Jekadafari har Pantami, kuma bai kamata mu bari ta zauna da gindinta ba. Wai su ba caca suke yi ba, hasashe suke yi. Wai a Amurka ma abin ya zama kasuwa kamar ta hannun jari, masu ilimin lissafi ne ke cin riba.

To bari mu duba kasuwar da ake mana kwatance da ita. A dandalin Kalshi ko Polymarket, mutum kan sayi wata takarda da ke cewa ƙungiya kaza ce za ta lashe World Series, wato gasar ƙarshe ta wasan besbol a Amurka. Farashin takardar yana hawa da sauka a ƙasa da dala ɗaya. In ƙungiyar ta ci, a ba shi dala ɗaya cur. In ta faɗi, takardar ta zama banza. A 2025 Los Angeles Dodgers suka doke Toronto Blue Jays a wasa na bakwai, kuma duk wanda ya riƙe takardar Toronto har ƙarshe ya tashi da hannu biyu. Ina hajar a nan? Mai sayen buhun masara a kasuwar hatsi, ko farashi ya karye, yana da masarar da zai kai gida. Wannan kuwa kuɗin wani ne ke komawa aljihun wani saboda abin da ya faru a fili, babu wanda ya noma komai. A can Amurkar ma ba su yarda da sabon sunan baki ɗaya ba: a 2025 hukumomin jihohin Nevada da New Jersey suka umarci Kalshi ta daina, suna cewa cacar wasanni ce, har maganar ta kai kotu.

Mu a Gombe ba besbol muke kallo ba, Firimiya da Laliga ne. Amma lissafin ɗaya ne, kuma shi ne abin da masu shagon ba sa son a yi a bainar jama'a. A ce ƙungiyoyi biyu ƙarfinsu daidai yake. Da adalci ake yi, wanda ya sa Naira 100 ya ci, 200 za a ba shi. Kamfani kuwa sai ya sa 1.90 a kowane ɓangare, ya biya 190. Wannan goman da ta ɓace ita ce abincinsa, ko wa ya yi nasara. Ƙarama ce a ido, shi ya sa ba a kula.

Yanzu a zo kan tikitin da yaranmu suka fi so, mai wasa goma a jere. Damar cin wasa goma irin waɗannan duka ita ce ɗaya cikin 1,024. Ke nan Naira 100 ta cancanci 102,400. Nawa kamfani zai biya? Kusan 61,300. Kashi 40 cikin ɗari an riga an zaftare kafin alƙalin wasa ya hura usur. Duk wasan da yaro ya ƙara a tikitinsa don kuɗin ya yi kauri, rabon kamfani yake ƙara wa kauri. Sannan ya dawo majalisa yana cewa wasa ɗaya ne kawai ya yanka masa tikiti. Ai dama haka aka gina abin, domin wannan «saura kaɗan» ɗin ita ce ke dawo da shi gobe da kuɗin balas ɗin Keke Napep ko kuɗin rajistar makaranta.

Za su ce mana ai Leicester ta ci Firimiya a 2016 alhali an sa mata 5,000 a kan 1. Gaskiya ne. Amma me ya sa har yau ake ba da labarin? Saboda ba a saba gani ba. Waɗanda suka zuba kuɗinsu a kan manyan ƙungiyoyi a wannan kakar, wa ya ji labarinsu?

Masu ilimin ƙwallon ma, iliminsu yana aiki ne in wasan na gaskiya ne. An zargi ƴan wasan Chicago White Sox takwas da karɓar kuɗin ƴan caca don su zubar da World Series ta 1919, aka kore su daga wasan har ƙarshen rayuwarsu. Mu ma ba sai mun je nesa ba. A Yulin 2013, a nan maƙwabciyarmu Bauchi, aka buga wasanni biyu na neman hawa rukuni, ɗaya ya tashi 79 da nema, ɗayan 67 da nema. Wancan neman hawa ne ya jawo shi, ba caca ba, amma ya isa ya nuna mana cewa ana dafa sakamako. Wane hasashe ne zai hango wannan? Su kuwa masu sayar da «tabbataccen wasa» a Telegram, da abin nasu tabbas ne, da ba su tsaya roƙon dubu biyunka ba.

Hukuncin addini ba ɓoyayye ba ne. Suratul Ma'ida ta haɗa caca da giya a aya guda, kuma canza suna bai taɓa halatta komai ba. Abin da ya rage shi ne doka. A ranar 22 ga Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa tsara harkar caca hurumin jihohi ne, dokar tarayya ta 2005 ba ta aiki sai a Abuja. Ke nan alhakin yana wuyan majalisar dokokin jiharmu, kuma kowannenmu yana da ɗan majalisar da zai iya tambaya me ya yi a kai. A Kano, Hisbah ta rufe shagunan caca da dama a Oktoban 2024. Mun yaba, sai dai kwaɗo a ƙofar shago bai hana yaro buga tikiti a wayarsa yana kwance a ɗakin uwarsa.

Don haka muna kira ga masu gidajen kallo su daina barin dillalan tikiti suna zama a bencinsu, masu POS na unguwa kuma su ƙi tura wa ƙananan yara kuɗi zuwa asusun caca. Malaman lissafi na sakandarenmu, don Allah ku ware darasi ɗaya a wannan zangon, ku rubuta 1,024 da 613 a allo, ku bar yaran su yi ragin da kansu.