Tsara Rumbu Kafin Ƙera Fom

A shekarar 1970 ne Edgar Codd, masanin lissafi a kamfanin IBM, ya fito da dabarar adana bayanai cikin jadawalai masu alaƙa da juna, inda ake rubuta kowane bayani sau ɗaya tak, sauran jadawalai su riƙa nuni gare shi. A yau akwai manhajoji, irin su Django da aka saki a 2005, waɗanda ke karanta tsarin irin wannan rumbu, sannan su ƙera fom-fom na intanet da ma'aikaci zai riƙa shigar da bayani ko gyara shi. Aikin da kan ci makonni yanzu yini guda ya ishe shi.

Ba shakka wannan ci gaba ne. Amma manhajar ba ta san komai ba sai abin da ta tarar a rumbun. In an tsara shi da kyau, fom ya fito da kyau; in an hargitsa shi, hargitsin za ta kwafo.

Alal misali, a ɗauki rumbun da ke ɗauke da bayanan busassun ganyaye da aka tara domin nazari. A da masana sun sanya kuka da rimi cikin dangin Bombacaceae, sai a 1998 binciken ƙwayoyin gado ya sa aka mayar da su cikin Malvaceae, wato dangin kuɓewa da rama da auduga. Idan rumbun yana da jadawalin tsirrai daban, layi biyu kawai za a gyara, kuma fom zai kawo jerin sunaye a zaɓa. Idan kuwa da hannu aka rubuta sunan dangi a jikin kowane ganye, to fom zai bar gurbi kowa ya rubuta yadda ya ga dama, a bi ɗaruruwan layuka ana gyara, wasu kuma su kuɓuce.

Saboda haka ya kamata malaman sakandare su koya wa ɗalibai rarrabe bayanai kafin danna maɓallan kwamfuta. Darasin rarraba halittu zuwa jinsi da dangi ya isa fagen wannan horo, kuma allo da alli sun wadatar. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.