Harajin Na'ura Ba Zai Sauke wa Direban Rake Kaya Ba

Harajin hanya na na'ura shi ne kuɗin da ake cirewa daga kati ko asusun banki idan mota ta ratsa tolget. Jamus ta fara karɓar irinsa daga manyan motoci a 2005, gwargwadon nisan tafiya da yawan gatarin mota. A Najeriya, gwamnatin Obasanjo ta soke tolget a titunan tarayya a ƙarshen 2003, sai a Fabrairun 2025 aka dawo da shi a hanyar Keffi zuwa Makurɗi, ba tare da karɓar tsabar kuɗi ba.

Ra'ayin da ya yaɗu shi ne na'ura za ta kashe cin hanci, sufuri ya yi sauƙi, ciniki da maƙwabta ya haɓaka. Wannan magana ba ta duba inda kuɗin direba yake zurarewa ba.

Motar da aka yi wa lodin rake a Makarfi, ko kwandunan tumatir daga Ikara da Hunƙuyi, tana hawa titin Zariya zuwa Kano ta Tashar Yari, ta wuce Kwanar Ɗangora. Mai nufin Maraɗi sai ya bi Katsina zuwa Jibiya. A wannan tafiya yaron mota yakan riƙe canji a tafin hannu, domin ga masu rasit, ga 'yan ƙungiya, ga shingen da ba a wucewa sai an ba da na goro. Ba ɗaya daga cikinsu da zai naɗe tabarmarsa don an kafa na'ura. A Jamus direba yana biya ne ya wuce, babu mai gitta masa katako mai ƙusa. A nan kuwa sabon haraji zai hau kan tsofaffin ne.

Asarar da ta fi ciwo ma ta lokaci ce. Tumatirin ƙasan kwando yana fara zubar da ruwa tun mota na tsaye a rana, rake kuma yana bushewa daga bakin sara. Duk wanda ya ga yadda tura kuɗi ta waya ya riƙa maƙalewa a ƙarancin takardun naira na 2023 ya san abin da layin tireloli zai zama ranar da sabis ya ɗauke. Kuma mai mota ba ya ɗaukar asara: yana ɗora wa dillali, dillali ya zabge daga farashin dami, ta ƙare a kan manomi.

A bakin iyaka matsalar ta ninka. Direban Maraɗi da sefa yake tafe, sau da yawa ba shi da asusun naira. Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, don haka teburin da za a daidaita katin ƙasashen biyu a kansa ya yi nisa. Fataucin da ya sha rufe iyaka a 2019 da 2023 yana buƙatar a kwashe shingaye tukuna, a samar da kati ɗaya mai karɓar naira da sefa, sannan a zo maganar tolget tsakanin Zariya da Kano.