Mu Rufa wa Ƙasa Asiri, Mu Daina Ƙona Yayi

Kowace shekara da an gama girbi, sai ka ga hayaƙi ya turnuƙe gonakin Yola da sauran ƙauyukan Karaye da Rogo. Yayi ne da ganyen rake da buntun shinkafa ake cinna wa wuta. A ganina, wannan ɓarna ce, domin abin da muke ƙonawa shi ne rigar ƙasa.

Dalilina kuwa shi ne: ƙasar da aka bari tsirara, rana da iskar hunturu ke zuƙe danshinta, ta bushe ta tsage. In aka lulluɓe ta da yayi kauri kamar yatsu huɗu, sai ta sami inuwa, ruwa ya daɗe a gindin shuka, ciyawa kuma ta kasa fitowa. Daga baya gara ta cinye yayin, ta huda ƙasa, abin da ya ruɓe ya zama taki.

Gani ya kori ji. Da rani a lambun mahaifina na lulluɓe kunya biyu ta tumatir, na bar sauran. Waɗanda na bari, kashegarin ban ruwa sun bushe. Waɗanda na rufe kuwa, bayan kwana uku na tura yatsa na ji laima. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, duk ban ruwan da aka rage kuɗi ne ya zauna a aljihun uba.

Wani zai ce ai muna da madatsar ruwa ta Challawa da aka gama a 1992. Haka ne, amma gona nawa ruwanta ke kaiwa? Kakanninmu har yau ba su manta farin 1973 ba. Wani kuma zai ce dabbobi fa? Gaskiyarsa. A ba su harawa da karan dawa, a yi danga da sauran. Abin da nake roƙo shi ne wanda za a ƙona. Sai dai kada a manna yayin a jikin shuka, don kada gindinta ya ruɓe.

Iyayenmu, ku ba mu kunya ɗaya tak bana mu gwada. 'Yan'uwana ɗalibai, mu fara daga gonar makaranta. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.