LISSAFIN FENSHO BAI SAN FARASHIN KASUWAR WUNTI BA

Tun da aka kafa Dokar Gyaran Fensho cikin 1shekarar 2004, aka kuma sake mata fasali cikin 2014, ma'aikacin Gwamnatin Tarayya ko na kamfani yana ajiye kashi 8 cikin ɗari na albashinsa kowane wata, mai aikin kuma ya ƙara masa kashi 10. Yanzu har akwai na'urar lissafi cikin wayar hannu, wadda in mutum ya shigar da shekarunsa da albashinsa, nan take sai ta nuna masa abin da zai riƙa karɓa bayan ya cika shekara 60, ko shekara 35 a bakin aiki.

To, lissafin ba ƙarya ya yi ba, amma fa bai taɓa shiga Kasuwar Wunti ba. Ranar 29 ga Mayu, 2023, aka janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin ɗari. Wanda ya yi ritaya kafin nan, Nairar da aka lissafa masa tana nan yadda take a takarda, sai dai mudun masarar da take saye ya ragu ƙwarai.

Ban da wannan, na'urar tana ɗauka cewa tsoho bakinsa kaɗai zai ciyar. Wanda ya san gidajen Unguwar Zungur ya san ba haka abin yake ba. Ranar da maigida ya ajiye aiki akwai 'ya'ya a makaranta, ga 'yan mata da za a yi wa kayan ɗaki, ga marayun ɗan'uwa, ga kuɗin maganin hawan jini wata-wata. Ba a kuwa yi wa ko ɗaya daga cikinsu gurbi a lissafin ba.

Saboda haka ma'aikaci mai hankali zai mallaki gidan zama da 'yar gona tun yana da sauran ƙarfi. Amma nauyin ba nasa ba ne shi kaɗai. Sashe na 173 da na 210 na Tsarin Mulkin 1999 sun wajabta a sake duba kuɗin fensho duk shekara biyar, ko duk sa'ad da aka ƙara albashi. Cikin 2024 an ɗaga mafi ƙarancin albashi daga Naira 30,000 zuwa 70,000. Ya kamata wakilan Bauci a majalisu su tambayi nawa aka ƙara wa tsofaffin ma'aikata, kuma a wane wata kuɗin ya shiga hannunsu.