Daga tsangayun Dogo-Dogo zuwa zauren taron jami'a: da wane harshe ɗalibai za su gabatar da bincikensu?

Duk ɗalibin Damagaram da ke nazarin addini kuma yake son gabatar da maƙala a taron masana na wannan yanki, tambayar farko da ke tare shi ita ce harshe. A Jami'ar André Salifou da ke Damagaram da Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, da Faransanci ake rubuta bincike. A Jami'ar Musulunci ta Say, wadda ta fara aiki a 1986, Larabci ne a gaba. A Jami'ar Bayero ta Kano da ta Usmanu Danfodiyo a Sakkwato kuwa, Turanci ne ko Larabci. Sai ka tarar ɗalibai biyu da suke hira da Hausa a bakin zaure, suna shiga ciki sun koma bukatar tafinta.

Wannan asara ta fi fitowa fili a gari kamar Dogo-Dogo, a gundumar Dungass da aka cire daga Magarya a 2011. Garin yana kan iyaka da jihar Jigawa. Malaman allo da almajiransu sun daɗe suna ratsa iyakar da rani, su dawo noma da damina. Wa'azi ma haka yake tafiya: ƙungiyar Izala da aka kafa a Jos a 1978 ta bi hanyoyin fatauci ta shigo kudancin Nijar, inda ɗariƙun Tijjaniyya da Ƙadiriyya suka riga suka kafu. Wanda ya yi nazarin ɓangare ɗaya na iyakar, rabin labarin kawai ya gani.

Siyasa ta ƙara nesanta juna. Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. An sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kana Nijar ta fice daga CEDEAO a Janairun 2025. Ɗalibin da kuɗin motarsa ma sai an yi masa karo-karo, shi ne farkon wanda tafiya ke gagara.

Amma gwamnatoci ba sa jiran bincike kafin su yanke hukunci. A 2020, lokacin korona, gwamnonin arewacin Najeriya sun kwashe almajirai suna mayarwa garuruwansu. A 2023 Najeriya ta kafa hukumar kula da ilimin almajirai. Irin waɗannan matakai suna taɓa yaran ƙauyukan Dungass da Magarya kai tsaye, kuma ɗaliban da suka tashi a ƙauyukan ne suka fi sanin dalilin da ke sa uba ya tura ɗansa gabas karatu.

Akwai ƙofar da ta buɗe. Kundin sake gina ƙasa da Nijar ta zartar a Maris na 2025 ya sanya Hausa harshen ƙasa. Jami'o'in Kano, Zariya da Sakkwato kuwa sun daɗe suna karɓar kundin digiri da Hausa a sassan harsunan Najeriya. Abin da ya rage ga masu shirya taruka shi ne su ware zama da Hausa, su bai wa ɗalibai damar gabatarwa ta intanet idan hanya ta rufe, su kuma buga taƙaitaccen sakamako da boko da ajami. Ta haka alaramman Dogo-Dogo da aka yi hira da shi zai iya karanta abin da aka rubuta a kansa, ya gyara inda aka yi kuskure.